Idan Allurar Maciji Ta Tayar da Borin Jini: Aikin Mai Jinya

Daga faɗuwar damina zuwa ƙarshen kaka, lokacin da mutanen garin Basirka da ƙauyukan kewaye suke wuni a gona, hannu cikin ciyawa ko ƙarƙashin tarin gyaɗa da dammunan gero, a nan ne saran maciji ya fi yawa. Maganin da aka tabbatar yana karya dafi a jikin mutum guda ɗaya ne, wato allurar da ake sawa ta jijiya a asibiti. Sai dai allurar nan tana da nata halin. Wani ana fara sa masa sai jikinsa ya ɗauki ƙaiƙayi, wani ya kama rawar ɗari, wani kuma ya koma gida garau, bayan mako guda gaɓoɓi su riƙe masa. Irin wannan ne yake firgita dangi su ce maganin asibiti bai karɓe shi ba, su ɗauke majinyaci su nufi gida alhali dafi yana nan yana aiki a jininsa. Ɗaukewar nan ta fi borin haɗari nesa ba kusa ba. Shi ya sa shawarar nan ta mai jinya ce, wanda zai zauna a bakin gado: ɗa ne, ko mata, ko ƙane, ko maƙwabcin da ya ɗauko mutum a kan babur.

Kafin komai, ya kamata a san daga ina maganin ya fito. Ana samun doki ko tunkiya a riƙa yi musu allurar dafin maciji kaɗan-kaɗan, tsawon watanni, har garkuwar jikinsu ta ƙera sinadaran da ke kama dafin su ɗaure shi. Sai a ɗebi jinin dabbar, a tace, a fitar da waɗannan sinadarai a zuba a kwalba. Tun shekarun 1890 ake wannan dabara, daga aikin likitan Faransa Albert Calmette, kuma har yau ita ce ginshiƙi. Abin da ake ɗura wa wanda maciji ya sara, ke nan, garkuwar dabba ce aka aro masa. Jikin ɗan Adam kuwa yana da nasa masu tsaro, kuma wani lokaci ba sa gane cewa taimako aka kawo. Kamar maƙwabci ne ya tsallako katanga cikin dare don ya kashe gobara, masu gida suka far masa da sanda. Wannan far wa baƙo shi ne borin da ake gani. Ba alama ba ce ta cewa maganin ya lalace, ba kuma alama ba ce ta cewa ba ya aiki.

Sau nawa hakan yake faruwa? Muna da amsa daga nan kusa da mu. A asibitin Kaltungo da ke jihar Gombe, inda aka fi ko'ina ganin saran maciji a ƙasar nan, an gwada magunguna biyu a kan mutum 400 da kububuwa ta sara, aka buga sakamakon a 2010. Cikin masu binciken akwai Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero ta Kano. Magani na farko, EchiTAb-Plus-ICP, a ƙasar Kosta Rika ake yin sa daga jinin doki, kuma an yi shi ne don dafin kububuwa da kasa da kumurci mai fesa dafi a ido. Na biyu, EchiTAb-G, a Birtaniya ake yin sa daga jinin tunkiya, don kububuwa kaɗai. Wajen mutum ɗaya cikin huɗu da aka ba na farko ya yi bori tun a gadon asibiti, na biyu kuma wajen ɗaya cikin biyar. Waɗanda nasu ya yi tsanani ba su kai haka ba: kimanin ɗaya cikin goma a na farko, ɗaya cikin ashirin a na biyu. A ɗora wannan a kan ɗaya ma'aunin. Kububuwa, ƙaramar macijiyar nan mai launin ƙasa da ta fi kowane maciji kashe manoma a arewa, idan ta zuba dafi ba a sami magani ba, mutum goma zuwa ashirin cikin ɗari suna rasuwa, yawanci ta hanyar zubar jini. Da ingantaccen magani a kan lokaci, adadin yakan faɗo ƙasa da biyu cikin ɗari. Ni a ganina babu abin tsayawa shawara a nan. A karɓi maganin, a kuma sa ido.

Sa idon yana farawa tun kafin a huda jijiya. Ka gaya wa likita ko nas abubuwa uku, ko ba su tambaya ba. Na ɗaya, in majinyacin yana da asma, ko ya taɓa yin mummunan bori bayan wani magani. Na biyu, in an taɓa yi masa allurar da aka samo daga jinin doki. Mutane da yawa an yi musu ba su sani ba: allurar ATS da ake yi wa wanda ƙusa ko fartanya ta ji wa rauni don gudun tetanus daga doki take, haka ma maganin mashaƙo da aka yi ta ba yara a annobar da ta addabi Kano da maƙwabtanta a 2023. Na uku, duk abin da aka ba shi ya sha ko aka shafa masa a hanya. Babu kunya a cikin wannan. Wasu saiwoyin suna sa amai, kuma in likita bai sani ba zai iya ɗaukar aman a matsayin bori ko aikin dafi. Ko da amsar tambayoyin nan duka "e" ce, ba za a hana shi magani ba in dafi ya kama shi. Shiri kawai za a ƙara. Mai juna biyu ma ana ba ta, domin dafin ya fi maganin haɗari a gare ta da abin da ke cikinta. Yaro kuwa adadin babba ake ba shi, saboda maciji bai rage dafin da ya zuba don ya ga yaro ne ba. Kada wannan ya ba ka tsoro in ka ga an jera kwalabe.

Sannan ka yi tambaya ɗaya cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, an tanadi allurar adirenalin a kusa?" Ma'aikacin da ya san aikinsa ba zai ji haushi ba, domin ƙa'ida ce a zuƙe ta a sirinji a ajiye kafin a fara. Ita ce maganin bori mai tsanani, ana yin ta a gefen cinya, kuma tana aiki cikin mintuna. Wannan tambayar ita ce ta raba asibiti da ɗakin mai kemis. Ina roƙon jama'a da babbar murya, kada a sayi kwalbar maganin maciji a kai wa wani ya sa wa mutum a gida ko a shago. Ko maganin na gaske ne, in numfashi ya shaƙe babu adirenalin, babu iskar taimaka wa numfashi, babu wanda ya san abin yi, to an sayi wata musibar da kuɗi. Akwai kuma wata tsohuwar al'ada ta ɗiga ɗan maganin a ƙarƙashin fata a jira a gani ko zai yi bori. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wannan gwajin ba ya nuna komai, ɓata lokaci ne kawai, domin yawancin borin farko ba irin wanda fata ke bayyanawa ba ne, kuma yana kama har wanda bai taɓa haɗuwa da jinin doki ba. A wasu asibitocin akan yi ƙaramar allurar adirenalin tun kafin a fara. Wani babban gwaji da aka yi a Siri Lanka a kan mutum sama da dubu, wanda aka buga a 2011, ya nuna hakan yana rage bori mai tsanani sosai. Wannan hukuncin likita ne, ba na dangi ba, domin ba kowa ne allurar ta dace da shi ba, musamman dattijo mai ciwon zuciya.

Yanzu an fara ƙarin ruwan. Daga nan har awa uku, musamman awar farko, kada a bar majinyaci shi kaɗai ko na minti biyar. Na san yadda abin yake: wannan ya tafi neman kuɗi, wancan ya tafi kiran gida, wani ya tafi sayo abinci, sai a waiga babu kowa a bakin gado, nas ɗaya kuma tana fama da ɗaki guda cike da marasa lafiya. A raba aiki tun farko, a ware mutum ɗaya mai nutsuwa wanda aikinsa kallo kawai. In lokacin salla ya yi, a yi ta bi da bi.

Me zai kalla? Bori yakan fara da ƙananan abubuwa da ake rainawa. Mutum ya fara sosa kai ko wuya ko tafin hannu. Busasshen tari ya taso masa haka kawai. Ya ce yana jin zafi a fuska, ko zuciyarsa tana tashi, ko cikinsa yana murɗawa. Sai borin jini ya fito, fata ta yi tudu-tudu. A baƙar fata ba lallai ka ga ja ba, don haka kada ka jira launi. Haska fitilar wayarka daga gefe a kan ƙirji da baya da damtse, za ka ga tudun ya yi inuwa, ko ka shafa da hannu ka ji. Yaro ƙarami ba zai ce maka komai ba, sai dai ka ga ya kasa zama wuri ɗaya, yana kuka yana yakushin jikinsa. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ka gani, tashi ka kira nas nan take. Kada ka ce bari mu ga ko zai wuce, domin daga ƙaiƙayi zuwa shaƙewa wani lokacin tazarar mintuna ce.

Alamun da ke nuna abin ya yi nisa su ne: leɓe ko harshe ko fatar ido su kumbura, murya ta dishe, numfashi ya riƙa fita da ƙara kamar na mai asma, gumi mai sanyi ya karyo, jiri ya ɗebe shi ko ya nemi suma. A nan kawaici ba shi da wuri. Ɗaga murya: "Sista, numfashinsa ya shaƙe!" Za su tsayar da ƙarin ruwan su yi masa adirenalin, su ƙara da wasu magungunan. Kai kuma naka shi ne ka hana shi miƙewa tsaye. In jiri ne, ya kwanta a ɗaga ƙafafunsa. In numfashi ne ya yi wuya, a jingina shi ya ɗan zauna. In amai yake, a juya shi gefe. Mai ciki ta kwanta ta ɓangaren hagu. Kada a ɗura masa ruwa ko wani jiƙo a baki. Kuma don Allah kada ka fizge allurar da ke hannunsa cikin ruɗewa. Wanda kububuwa ta sara jininsa ba ya daskarewa, ƙaramar huda tana iya yi ta zuba, sannan ta wannan jijiyar ce za a bi a ceto shi.

Ga wurin da aka fi samun saɓani. Bayan bori ya lafa, likita zai ce a ci gaba da sa maganin a hankali. Dangi sukan ce a'a, abin da ya kusa kashe shi za a sake mayar masa? Tsoron nan na fahimce shi, wanda ya ga ɗansa yana kokawa da numfashi ba za a ce masa bai da hujjar tsoro ba. Amma a tuna adirenalin bori ta kwantar, ba ta taɓa dafin ba. Kason maganin da ya rage a leda shi ne kason dafin da ba a ɗaure ba. Yawancin mutane suna karɓar sauran lafiya ƙalau in an rage gudun ruwan, ga kuma ma'aikata a tsaye a kansu. Akwai hanyar da kai ma za ka gani da idonka ko aiki ya kammala: akan ɗebi jini kaɗan a zuba a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta, a ajiye minti ashirin, sannan a karkata ta. In jinin ya daskare, madalla. In yana nan ruwa, dafi bai saki ba. Wannan gwajin mai sauƙi ya samo asali ne daga aikin da Dokta David Warrell da abokan aikinsa suka yi a arewacin Najeriya a shekarun 1970, lokacin yana Zariya. Akan maimaita shi bayan awa shida da sa magani, kuma in jini bai daskare ba akan ƙara wani. Ka nemi a nuna maka kwalbar.

Akwai bori iri na biyu, mai ban tsoro a ido amma mai sauƙin sha'ani. Bayan awa ɗaya ko biyu, sai rawar ɗari mai ƙarfi ta kama mutum har gado yana motsi, zazzaɓi ya biyo baya. A sanar da nas, a rage masa tufafi, a riƙa goga masa tsumma mai ɗumi-ɗumi, a ba shi farasitamol. Yara ne abin lura a nan, domin zazzaɓi mai zafi yana iya sa su jijjiga. In damina ce, aka ce za a gwada maleriya ma, daidai ne.

Tunda an ambaci farasitamol, bari in tsaya a kan maganin ciwo. Wurin sara yana zogi ƙwarai, kuma hannu yakan kai ga abin da aka saba saya a kemis. Asfirin, ibufurofen, dikulofenak da danginsu duk suna ƙara zubar jini kuma suna wahalar da ƙoda, ƙodar da dafi ya riga ya taɓa. A nisance su a asibiti da kuma bayan an koma gida, har sai likita ya ce an wuce wurin. Haka allurar tsoka, ban da adirenalin ta ceton rai, ba a yin ta ga wanda jininsa bai daskare ba, domin jini yakan taru a cikin naman.

Iri na uku shi ne wanda aka fi jahilta, saboda yana zuwa ne bayan an sallami mutum, an yi barka, har ya fara leƙa gona. Galibi wajen mako guda bayan allurar, wani lokaci ya kai sati biyu, sai zazzaɓi ya dawo, borin jini ya riƙa fitowa yana ɓacewa, gwiwoyi da wuyan hannu da yatsu su yi ciwo ko su kumbura, kaluluwa ta fito a wuya ko hammata ko matsematsi. Dalili shi ne jiki ya ɗauki kwanakin nan yana ƙera nasa sinadaran yaƙi da abin da aka aro daga dabba, su biyun suka cuɗe suka maƙale a fata da gaɓoɓi, wani lokaci har ƙoda. Tsohon sananne ne. Likitoci biyu a birnin Biyenna, Pirquet da Schick, suka bayyana shi tun 1905 a jikin yaran da aka yi wa maganin mashaƙo. A gwajin Kaltungo, waɗanda suka same shi ba su wuce kimanin ɗaya cikin goma ba. Yana warkewa, kuma maganinsa ba tsada: ƙwayar ƙaiƙayi irin su Piriton na 'yan kwanaki, in bai lafa ba cikin kwana ɗaya ko biyu likita ya rubuta firedinisolon na kwana biyar. Matsalar ita ce ba a danganta shi da allurar. Sai a ce shawara ce, ko taifot, ko sanyin ƙashi, ko a ce dafin ne yake yawo a jiki a koma tsaga da shafe-shafe, ko mai kemis ya yi masa allurar dikulofenak. Duk wanda aka yi wa allurar maciji ya ga waɗannan alamun cikin sati biyu, ya je asibiti mafi kusa, kuma kalmar farko da zai faɗa ita ce: "An yi mini allurar maciji ranar kaza." Kada ya sayi firedinisolon da kansa, musamman mai ciwon suga ko gyambon ciki ko hawan jini.

Sai dai a bambance wannan da wani abin da ya fi shi gaggawa. Dafin kububuwa yana iya sake tasowa bayan an ga kamar ya kwanta, cikin kwana ɗaya ko biyu, wani lokaci fiye. Alamarsa jini ce: dasashi yana zub da jini, haɓo, fitsari ja ko baƙi-baƙi, bayan gida baƙi, tsohon rauni ya ɓalle, mace ta ga jinin da ba lokacinsa ba. Ko ciwon kai mai tsanani, ko ɓarin jiki ya mutu, ko fitsari ya ragu ƙwarai. Wannan ba bori ba ne, kuma ba na jiran gari ya waye ba ne. Ƙaiƙayi da ciwon gaɓa suna iya jiran safiya in numfashi lafiya lau. Jini ba ya jira. Mutumin Basirka ya san daga gida zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu tafiya ce, balle Dutse ko Kano, ya kuma san abin da ruwa yake yi wa hanyar Gwaram da damina. Ba a manta da karyewar gada a kan hanyar nan a watan Agustan 2021 ba, da rayukan da aka rasa a wurin. Saboda haka kada a matsa wa likita ya yi sallama da wuri don ana jin sauƙi ko don aikin gona yana jira. In da ɗan'uwa a garin da asibitin yake, a ƙara kwana biyu a wurinsa kafin a koma ƙauye.

In an rubuta maka ka sayo maganin a waje, wanda yakan faru in na asibiti ya ƙare, ka duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki, ka tabbata daga firji aka ɗauko in na ruwa ne, ka ɗaga kwalbar a haske. Ruwan ya zama garai-garai. Wanda ya yi gurɓi-gurɓi ya lalace, kuma ya fi saurin tayar da bori. Ka kai wa likita ya karanta sunayen macizan da ke jikin kwalin kafin a fasa. Maganin da aka yi don macizan Indiya ba ya kama dafin kububuwarmu yadda ya kamata. An ga haka a wani asibitin karkara a Gana, inda aka sauya magani zuwa wanda bai dace ba, mace-mace suka tashi daga ƙasa da biyu cikin ɗari zuwa sha biyu. Irin wannan maganin zai iya ba mutum borin ba tare da ya ba shi warakar ba.

Ranar sallama, ka roƙi a rubuta maka a takarda sunan maganin da aka sa, kwalba nawa, ranar da aka sa, da irin borin da ya yi in ya yi. Ka ɗauki hoton takardar da waya, ka adana ainihin a inda ake ajiye takardun gona. Manomi ko makiyayin da maciji ya sara sau ɗaya yana komawa gona ɗaya da daji ɗaya, kuma ko ba maciji ba, wata rana zai iya taka ƙusa a ce za a yi masa ATS. Duk ranar da haka ta taso, a miƙa wa likita takardar kafin a zuƙi allura.